Kwana Biyu a Kaduna da Jakar Baffa

Baffa bai taɓa cewa in raka shi ko'ina ba sai a wannan karon. Daren Alhamis ne cikin watan Janairu, hunturu ya kankama, ya kira ni bayan isha'i ya ce idonsa ya daina jure tuƙi cikin hazo, ga shi kuma yana da taro a Kaduna ranar Asabar. "Shida da rabi za mu ɗau hanya, ɗana," in ji shi. Ranar Asabar shida da kwata na isa, na tarar da shi tsaye a ƙofar gida, riga ta sha guga, takalmi sai ƙyalli yake, ya danne wata tsohuwar jakar fata a hammata. A ƙirjinsa akwai ɗan bajon nan da ake sayarwa duk shekara domin tunawa da mazan jiya.

Ƙanin mahaifina ne. Kurtu ya shiga soja, ya yi kofur, ya yi saje, daga baya aka ba shi hafsa, ya tuɓe kaki yana manjo bayan shekara 35. Abin da muka sani na aikinsa a gida bai taka kara ya karya ba: ya je Laberiya zamanin rundunar ECOMOG, ya dawo yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma ba ya son a tambaye shi. Ƙungiyarsu ta tsofaffin hafsoshi kuwa na daɗe ina ɗaukarta majalisar manya, inda ake shan shayi ana tuna baya. Da wannan zaton na tayar da mota.

Muka fita ta Na'ibawa. Hazo ya rufe hanya har fitilun manyan motoci sun koma kamar aci-bal-bal. Muka wuce Kura, muka wuce kwandunan tumatir da aka jera a bakin titi, muka wuce Kwanar Dangora, Baffa bai ce uffan ba. Carbi na hannun dama, hannun hagu na kan jakar da ya ɗora a cinya. Na ce ya kawo in sa ta a kujerar baya ya huta. Ya girgiza kai.

Sai da muka shigo Zariya bakinsa ya buɗe. Ya ce kada in bi ta bayan gari, in ratsa ta Sabon Gari, yana son ganin katangar Dafo. A nan ake horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924, a nan aka aske masa kai yana saurayi, a nan aka fara kiransa da lamba maimakon suna. Muka rage gudu daura da ƙofa. Ya tambaye ni ko na san abin da ya sa ake kiran barikin nan Chindit. Ban sani ba, ko da yake na sha jin sunan. Ya ce sunan wata runduna ce ta musamman da Ingila ta tura cikin dazuzzukan Bama ta yaƙi Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1944 akwai bataliyoyin 'yan Najeriya a cikinta. Kalapanzin na Kaduna sunan kogi ne a can Bama. Dodan da Arakan na Legas ma daga can aka kwaso su. Bukavu namu na Kano kuwa gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka je aikin wanzar da zaman lafiya a farkon shekarun 1960. Kullum muna faɗin waɗannan sunaye a tasha muna cewa a sauke mu, ba mu san kabarin wani muke ambata ba.

Na yi ta juya maganar a raina. Tun 1863, da Laftanar Glover ya tara 'yan Hausawa kaɗan a Legas ya ba su bindiga, sunanmu yake manne da wannan aiki. Hausa ce ta zama harshen bariki, da ita Bature ya yi wa Batibi da Babarbare da Bazabarme magana. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka je Bama cike suke da 'ya'yan talakawan Arewa. Baffa ya ce ya riski wasunsu yana kurtu, tsofaffi sanye da kakin da ya koɗe, suna gadin kantuna da bankuna, lambobin yaƙi na lilo a ƙirji. Takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar da Birtaniya ta biya farar fata bayan yaƙin ya kusa ninka na baƙin sojanta na Afirka sau uku. "Ba su da mai rubuta musu wasiƙa," in ji Baffa. Bai ƙara ba, ni ma ban gane nauyin maganar ba sai da rana ta yi.

Jaji muka wuce ba tsayawa, ya nuna mini hanyar kwalejin manyan hafsoshi da aka buɗe a 1976. Wajen ƙarfe goma muka sauko Kawo, muka bi ta gefen tsohon matsugunin NDA, makarantar da ta fara yaye hafsoshi bayan kafa ta a 1964.

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji a ƙasar nan suna da yawa. Akwai Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, kuma masu kakinta ne muke gani suna gadi da shirya layi a wuraren taro. Akwai RANAO ta hafsoshin ƙasa da ruwa da sama da suka yi ritaya. Akwai kuma gamayyar da ke fitowa zanga-zanga a Abuja. Wadda Baffa ya kai ni ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu girma ba. Mutanen da suka yi aiki a bataliya ɗaya ne a Laberiya, da wasu 'yan kwas ɗinsu da suka shigo daga baya. Galibinsu suna da katin manyan ƙungiyoyin, amma a nan ne ake sanin wanda bai ci abincin dare ba.

A tsakar gidan wani kanar mai ritaya aka kafa rumfa ɗaya da kujerun roba. Na ƙirga mutum talatin da 'yan kai. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne zama. Babu wanda ya nuna wa kowa kujera, amma kowa ya san tasa: birgediya a gaba, kanar-kanar a bayansa, manjoji da kyaftin-kyaftin a baya. Wani dattijo da ya haura saba'in ya shigo da sanda, ya hangi wanda ya girme shi a muƙami, ya tsaya cak ya ƙame kafin ya miƙa hannu. Da Turanci ake rubuta bayanin taro, amma duk wata magana mai rai da Hausa ake yinta, irin ta bariki wadda ba ta damu da namiji ko mace ba. Mutumin Zuru da na Langtang da na Numan da wani Bayarabe da ya ƙi komawa garinsu, duk da ita suke tsokanar juna, da ita kuma suke yi wa juna jaje.

Liman ya buɗe da addu'a, wani fasto da ya yi ritaya yana laftanar-kanar ya yi tasa. Daga nan sakatare ya miƙe da takarda ya karanta sunayen waɗanda suka rasu tun zaman da ya gabata. Huɗu ne. Yana kiran suna da muƙami da garin da aka binne mutum, sai kowa ya tashi, har mai sanda, aka yi shiru na minti ɗaya. Na saci kallon Baffa. Idonsa a buɗe yake, yana kallon gaba, hannaye a manne da cinya.

Sai ma'aji ya buɗe littafi. A nan zatona ya fara rushewa. Kuɗin wata-wata ne da kowa ke zubawa daga fanshonsa, an raba shi gida uku: na jinya, na makoki, na karatun marayu. Aka karanto wanda aka saya wa maganin ciwon suga, da wanda aka haɗa wa kuɗin wankin ƙoda, da yarinyar da aka biya wa kuɗin jarrabawa. Tsofaffin sojoji suna da inshorar lafiya ta hannun kamfanin DHML na ma'aikatar tsaro, amma wanda ke ƙauye, nesa da asibitin soja, kafin takarda ta zagayo ciwo ya ci ƙarfinsa, sai a taɓa asusu. Aka ambaci waɗanda ba su zuba nasu ba wata uku. Ba wanda ya ɗaga murya. Birgediya ya ce a tura mutum biyu su je su duba su, domin soja ba ya ƙin biyan abin da ya ɗauka sai da dalili.

Da aka zo kan abin da suke kira koke-koke, Baffa ya miƙe ya buɗe jakarsa. Babu takardarsa ko ɗaya a ciki. Fayil bakwai ne, kowanne an ɗaure shi da roba: na wani saje a Gwarzo da ido ya mutu, na wani kofur a Rano da ba a ga sunansa ba bayan tantancewa, sauran biyar na matan da mazajensu suka rasu. Ashe duk wata sai mutane sun yi sallama a zaurensa da ledar takardu, shi kuwa ya zauna ya jera su, ya rubuta wasiƙa da irin lafazin da ofisoshin soja ke saurara, ya kawo nan a sa hannu, a ba wanda zai je Abuja.

Yawancin matsalolin ba na mugunta ba ne, na rubutu ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Yaro ya shiga soja yana shekara 18, magatakarda ya rubuta sunansa yadda ya ji, ko ya haɗa masa da sunan garinsu. Bayan shekara arba'in katin ɗan ƙasa ya ce Muhammadu, banki ya ce Mohammed, takardar sallama ta ce Mamman. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne. Kafin a gyara sai an je kotu an yi rantsuwa, an buga a jarida, an yi hoto, an hau mota, duk a kan tsohon da ba ya gani sosai.

Wadda ta fi ciwo ita ce maganar magaji. Ranar da kurtu ya shiga aiki ana ba shi fom ya rubuta wanda za a nema in ya mutu. Saurayi ne ba shi da mata, sai ya sa wansa ko mahaifinsa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida, bai koma ya canja ba, wani don mantuwa, wani don yana ganin canjawar kamar kiran ajali ne. Ranar da ta Allah ta kasance, wan ne hukuma ta sani. In mai tsoron Allah ne, ya karɓo ya kawo a raba bisa shari'a. In ba haka ba, matar da ta bi mijinta daga bariki zuwa bariki shekara ashirin ta tashi da marayu a hannu, ga wa'adin barin gidan gwamnati na matsowa. Fasto ya ce shi da liman sun gaji da zuwa sulhu a kan wannan. Liman ya ce mutane su gane, wanda aka rubuta a fom wakili ne, amana aka ba shi, ba gado ba. Suka amince a rubuta wa kwamandojin da suka sani, waɗanda a da yaransu ne, a roƙe su su riƙa tilasta wa sojoji sabunta fom ɗin duk shekara. A ganina wannan wasiƙa ɗaya ta fi duk abin da aka tattauna a ranar amfani.

Gardama ta tashi a kan zanga-zanga. Kowa a wurin ya san tarihin. A Janairun 2022 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman bashin ƙarin fansho. Sun sake komawa a Disamban 2024 da Janairun 2025, da tabarmi da rumfuna. Akwai kuma alawus ɗin da ake ba wanda ya ajiye aiki domin kada ya juya horon da aka ba shi a kan ƙasa. Da farko waɗanda suka yi ritaya daga ƙarshen 2017 kaɗai aka sa, aka bar na baya, sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin gwamnati ta amince a 2022 a haɗa da su. Ko cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo na 2004, wanda aka yi a 2011, bai zo a sauƙaƙe ba.

Wani kanar ya ce shi bai ga yadda hafsan da ya riƙe tutar ƙasa zai kwanta a bakin titi ba. Akwai hanyar da aka koya musu, a rubuta, a bi matakai, a nemi ganawa. Wani kyaftin daga can baya, wanda shi ma kamar Baffa daga ƙasa ya taso, ya nemi izini ya ce: "Ranka ya daɗe, kai in ka rubuta ana amsawa, domin wanda ke kan kujerar yaronka ne. Kofur in ya rubuta wa zai karanta? Kuɗin da ya shigo mana bayan sun kwana a titi, akwai wanda ya mayar a cikinmu?" Wurin ya yi tsit. Birgediya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce gaskiya ce, kuma ba za a hana kowa zuwa ba.

Ni dai ina tare da kyaftin, amma ban raina maganar kanar ba. Mutumin da aka yi shekara 35 ana koya masa cewa ƙorafi a bainar jama'a tawaye ne, ba a rana ɗaya zai ɗauki kwali ba. Abin da na fahimta shi ne ratar da ke tsakanin hafsa da ƙaramin soja ba ta ƙarewa ranar ritaya, har ƙaruwa take yi. Janar yana da gida da mota da masu ɗaga masa waya. Saje yana da takardar sallama da ciwon gwiwa. In ƙungiyar hafsoshi ta tsaya kan haƙƙin hafsoshi kaɗai, to zatona na farko ya tabbata. Darajarta tana cikin fayilolin nan bakwai, inda mai ƙofa a buɗe yake shiga da takardar wanda aka rufe wa.

Kafin a tashi aka taɓo tsaro. Da yawansu noma suka koma, gona kuwa yanzu sai da shahada. Suka tuna Manjo Janar Idris Alkali da aka kashe a yankin Du na Jos a 2018, da Alex Badeh, tsohon babban hafsan tsaro, da aka harbe a Disamban shekarar yana dawowa daga gonarsa. Suka tuna Birgediya Janar Maharazu Tsiga, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, da 'yan bindiga suka ɗauke a garinsu a ƙaramar hukumar Bakori a Fabrairun 2025, bai fito ba sai a Afrilu, abokan aikinsa suna ta karo-karo. Ba wanda ya yi dogon sharhi. Sakatare ya ce kowa ya tabbata lambar wayar iyalinsa na cikin littafi.

Da dare, a masaukinmu, na sayo mana shayi da burodi. Baffa ya cire hula ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce a bariki begila ke tashinka, akwai inda ake jiranka, akwai wanda zai nemi ka in ba a gan ka ba. Ranar da ya dawo Kano da kayansa a bayan mota, ya tarar sa'o'insa kowa ya kafa majalisarsa, ana hirar mutanen da bai sani ba. Ana girmama shi, ana ce masa Manjo, amma ba a sakin jiki. Wata shida ya yi yana tashi da asuba ya yi wanka ya sa kaya ya zauna a zaure. "Na rantse maka, ɗana, fansho bai dame ni ba kamar wannan zaman." Sai ranar da wata mata ta zo da takardun mijinta tana tambaya ko nan ne gidan sojan da ya iya rubutu.

Ranar 15 ga wata za a yi fareti a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi tare da sauran ƙasashen renon Ingila, aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Na tambaye shi ko za mu tsaya. Ya ce a Kano zai yi nasa, amma gobe akwai inda za mu fara zuwa.

Da hantsin Lahadi muka haye gadar kogin Kaduna muka nufi kudu. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da gadar ta zama tun rikicin shekarar 2000: Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu, har akwai waɗanda suka shekara ashirin ba su kwana a ɗaya ɓangaren ba. Baffa ya san lungunan Sabon Tasha kamar a nan aka haife shi. Muka jira aka taso daga coci, sannan muka yi sallama a wani gida mai ɗaki biyu.

Matar ta fito da zanen cocinta, tana ganinsa ta rusuna. "Baba Manjo, kai ne da kanka? Sannu da hanya." Ya ce, "Maman yara, ya ƙarin haƙuri?" Mijinta ne ke riƙe masa rediyo a Laberiya, ya yi ritaya yana saje, sunansa na cikin huɗun da aka karanta jiya. Hotonsa na jikin bango da kaki, an rataya masa baƙin ƙyalle. Ta kawo ruwa da gyaɗa. Baffa ya ba ta ambulan ɗin ƙungiya, ya sa ta ƙirga a gabansa ta sa hannu a littafi. Sannan ya sa tabarau ya ce ta fito da komai.

Ta jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin gado. Ya yi ta ware su a kan tabarma: takardar sallama nan, shaidar rasuwa nan, takardar aure nan, na haihuwar yara nan. Da ya zo kan fom ɗin magaji ya tsaya, ya matso da shi kusa da ido. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sunanta ne a kai. "Ya canja," in ji shi a hankali. "Na faɗa masa tun muna can, ashe ya ji." Ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Azahar ta same mu a nan. Ba ta jira an tambaya ba, ta aiki ƙaramin ɗanta ya ɗauko buta da wata darduma da ke naɗe a saman kabad, ta ce marigayin ne ya saya ya ajiye saboda Baba Manjo. Yaron ya shimfiɗa ta, ya nuna mana gabas.

Muka ɗau hanyar Kano bayan la'asar, fayil ya zama takwas. Baffa ya yi barci tun daga Mararrabar Jos, hannunsa na kan jaka. Daf da Kwanar Dangora ya farka ya tambayi ƙarfe nawa, sannan ya ce in ina da sarari ranar Talata in zo da wuri. Za mu je Rano mu ɗauko kofur ɗin nan mu kai shi kotu ya yi rantsuwa a kan sunansa.